Isyaku da Waya Mai Sili Bakwai

Matsoraci ne, ban musa ba. Isyaku mai waya matsoraci ne na gaske, kuma duk ƙasar Tsiga babu wanda ya kai ni, Dogo, yi masa dariya. Amma wanda bai san shi yadda na san shi ba, kada ya kuskura ya faɗi haka a gabana, don aradu sai mun ɓata.

Mutumin Musawa ne. Ya sauko Funtuwa yana saurayi, neman dako lokacin kasuwar auduga, sai ya faɗa hannun wani tsoho mai haɗa wutar lantarki a gidajen attajirai. Shekara tara ya yi a ƙarƙashinsa. A cikin shekarun nan ne abin da ya sa masa tsoro ya faru. Wani ɗan kasuwa ya ja wa kansa 'yar siririyar waya daga gida zuwa ɗakin ajiya mai nisa. Waya ta yi zafi, robarta ta narke, ta kwanta a kan kwanon rufi. Aka kira su gyara. Abokin aikinsa, Ummaru, ya hau tsani ya dafa kwano. Isyaku ne ke riƙe da tsanin.

"Ko ihu bai yi ba, Dogo," in ji shi, ranar da ya ba ni labari. "Haƙoransa kawai na ji suna kaɗawa."

Tun daga ranar burinsa a duniya ɗaya ne, kuma ba ya ɓoyewa: a kai shi kabari wayarsa ba ta kashe kowa ba. Shi ke nan. Ba gida, ba keke, ba Makka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, to shi har farin tsumma gudunsa yake yi. Takalmin taya ne a ƙafarsa rani da damina. Yana da wata sandar gora busasshiya da ba ta barin hannunsa. In an ce masa an kashe inji, sai ya je da ƙafarsa ya gani, ya dawo, ya sake tambaya. Kome ka ce a yi, amsarsa ita ce, "Tsaya tukun." Har mutane suka mayar da ita sunansa.

Ni kuwa Bamaguje ne, gidanmu na bayan gari. Shekara goma ina shugaban ma'aikata a gandun Alhaji Maitama, babban manomin auduga da dawa na wajenmu. Ban da noma, sana'ar gidanmu tufkar igiya ce. In ka ga igiyar rijiya a Tsiga ta yi shekara uku ba ta tsinke ba, tambayi wanda ya tufka ta. Ina da girman kai a kan wannan, kuma shi ya cuce ni.

Shekara huɗu bayan Turawa sun miƙa mulki, Alhaji ya sayo injin wuta ya kafa a bakin gidansa. Da rana yana juya injin niƙa, da yamma yana ba gida haske. Isyaku ne ya haɗa, ni na riƙa miƙa masa kaya, daga nan muka saba. Da kaka ta kusa sai Alhaji ya gina rumfar gyara ta kwano can cikin gona, inda ake ajiye garmunan shanu da amalanke. Ya sayo injin walda, ya ɗauko wani maƙeri mai suna Mudi da ya koyi walda a Zariya. Yana so a ja wuta daga gida zuwa rumfar, a gyara amalankensa shida kafin a buɗe kasuwar auduga. Har ya riga ya sayo wayarsa, naɗi guda, siririya kamar tsinken tsintsiya.

Isyaku ya ɗauki bakin wayar ya duba, ya ajiye. Ya ce, "Alhaji, tsaya tukun."

Ya auna nisan da taki, sau uku. Bai yarda da ƙafarsa ba, ya ce in kawo masa igiya mai yadi ashirin, muka sake aunawa. Yadi ɗari biyar, in an miƙe sak. Ya je ya tsuguna gaban injin walda yana karanta wani ɗan ƙarfe da aka manna masa a gefe. Ya fito da ɗan littafinsa da ya sha maiƙo, ya yi ta rubutu da ajami yana gogewa, tun hantsi har aka kira azahar. Sannan ya ce wa Alhaji wayarsa ba za ta yi ba.

Alhaji ya yi faɗa har hularsa ta karkace. Ya ce ba irin wannan ce a cikin gidansa ba? Isyaku ya ce ita ce, amma cikin gida taki goma ne, kuma fitila take ciyarwa. Ya ce in dai da wannan za a ja, a nemi wani. Ya ɗauki gorarsa zai tafi, idonsa a ƙasa, don shi ba mai iya tsayawa gaban manya ba ne. Alhaji ya kira shi ya dawo, ya ce a yi yadda ya ce.

Ni ma ban gane ba, na tare shi a hanya. Na ce, "Malam Isyaku, waya ai waya ce. In ta kai, ta kai."

Ya ce, "Dogo, kana ban ruwa a fadama, ko?"

Na ce ina yi.

"In ka zuba ruwa a ɗan siririn lambatu, fangalin kusa ya sha ya ƙoshi. Na can ƙarshe fa?"

Na ce, "Sai an faɗaɗa lambatun."

Ya ce, "To haka wuta take. Abu biyu ake tambaya kafin a zaɓi waya: ina nisan, kuma me za ta ciyar a can. Sai dai ruwa in ya ɓace a hanya, ƙasa ce ta shanye. Wuta in ta ɓace a hanya, zafi take komawa a jikin waya. Kuma siririyar waya munafuka ce. Sa mata ƙwan fitila, za ta haska maka tar, ka ce lafiya lau. Ranar da injin walda ya fara zuƙa, ranar za ka san halinta."

Na ji wannan magana da kunnena. Kada wani ya ce ba a faɗa mini ba.

Isyaku da kansa ya tafi Zariya ya zaɓo waya. Jan ƙarfe ce tsirara, babu roba, kaurin ƙaramin yatsa, ta sama da ake ɗaurawa a kan sanduna. Layi biyu za a ja, na tafiya da na dawowa. Da aka sauke ta daga mota na duba, sai na ga sili bakwai ne aka murɗe wuri ɗaya. Na yi dariya na ce, "Ashe tufka ce!" Ya ce, "Tufka ce, amma ba irin taka ba." Ya kawo kofunan tangaran da ake ɗaure wayar a kansu, har da rara, don shi ba ya sayen abu cif-cif sai wayar da ya auna. Muka bi gona yana kafa turaku inda za a dasa sandunan giginya.

A nan ne matsala ta fito. Miƙaƙƙiyar hanyar ta bi ta gindin tsamiyar gidanmu, inda muke yi wa Uwargona, iskar noma, yanka kafin shuka. Tun kakanninmu gatari bai taɓa hawa kanta ba. Isyaku ya ɗaga kai ya ce, "Reshe biyun nan za a sare." Bai san ko wace tsamiya ce ba, baƙo ne. Da na buɗe baki na faɗa masa, na rantse da ya zauna ya sake lissafinsa, don ba mutum ne mai raina abin wani ba. Amma akwai ma'aikata a wurin, ni kuwa na gaji da ba'arsu, kullum sai sun tambaye ni ko tsamiya ta ci ta ƙoshi. Sai na ce, "To."

Washegari aka aiko daga Musawa mahaifiyar Isyaku ta rasu. Kafin ya hau mota ya riƙe hannuna ya ce, "Ku dasa sanduna kawai. Kada wanda ya taɓa waya sai na dawo." Zai zauna har sadakar bakwai.

Na dasa sanduna, amma ba inda ya kafa turaku ba. Da na kusa tsamiya sai na karkata hagu, na yi mata zagaye mai faɗi, yadda ko inuwar waya ba za ta taɓa ta ba. Zagayen ya bi ta gonar wa? Ta gayaunar matata, Marka, 'yar gonarta ta kanta da ta shuka auduga. Nan ne kawai zan haƙa rami ba sai na roƙi kowa ba. Na ce a raina, in Isyaku ya dawo ya ga aikin gama ya gama, ya yi 'yar mitarsa ya haƙura.

Kwana huɗu da tafiyarsa Alhaji ya kira ni. An sa ranar buɗe kasuwa, amalanke na jibge babu wadda za ta iya ɗaukar kaya. Ya ce, "Dogo, ba kai ka riƙa taya shi a gidana ba? Ɗaura waya a kan sanda har sai an jira malami? Ku ɗaura, Mudi ya haɗa bakin." Na so in ce Isyaku ya hana. Sai na ji daɗin yadda ya ce ba kai ba, na ce an gama.

Muka fara ja daga gida. Da muka shiga zagaye na duba abin da ya rage a naɗi, na duba sandunan da ke gabana. Waya ba za ta kai ba. Wayar da ta rage wajen yadi ɗari da talatin ce a kowane layi, sauran hanya kuwa ninkin haka. In na koma wurin Alhaji, dole in faɗi dalilin zagaye, kuma kafin la'asar an sa wa tsamiya gatari. Na sallami ma'aikata na ce a dawo gobe. Na zauna a kan kunya ina juya bakin wayar a hannuna.

Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Kowane matufki ya san abin da ake yi in igiya mai kauri ta gaza tsawo kuma kayan ba nauyi: a warware ta, a raba, a ƙulla. Na ce me wayar nan za ta ɗauka? Ba guga ba, ba sa ba, iska ce kawai da tsuntsu. Na warware sili bakwai, huɗu gefe, uku gefe. Na murɗe kowanne da kyau, na haɗa baki da baki da irin ƙullin da nake yi wa igiyar rijiya, wanda bai taɓa kunce wa kowa ba. Tsawo ya ninka. Washegari muka ɗaura, ta kai rumfa har da 'yar rara. Ma'aikata ba su tanka ba, su ma a wurinsu waya waya ce.

Ranar da Isyaku ya cika kwana bakwai, da la'asar, Mudi ya haɗa baki, aka tada inji. Ƙwan fitilar rumfa ya kama tar. Ma'aikata suka yi shewa, Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce ashe muna da mai waya a gida muke wahala. Kowa na dariya. Ni kuwa ina kallon ƙwan nan sai na ji muryar Isyaku, kalma kalma: za ta haska maka tar, ka ce lafiya lau. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron abin da ba ka gani, ba ka jin motsinsa, kuma kai ka kawo shi da hannunka. Mudi ya ce da sassafe zai fara walda.

Da na koma gida na ce wa Marka kada ta je gayauna gobe. Ta ce don me? Na ce haka nan. Ta dube ni sheƙeƙe. Ta ce auduga ta buɗe baki, awakin gari sun fara shiga, in ina da dalili in faɗa, in babu in bar ta da aikinta, ai ba ita ta ce in dasa mata itatuwa a tsakiyar gona ba. Marka ba a juya ta da tsawa. Da na ce mata, "Na raba waya, ina tsoron ta faɗo," da ta zauna. Kalma nawa ce? Amma shekara goma sha biyu tana ganina mutumin da ya san abin da yake yi, na kasa.

Gari ya waye ta ɗauki kwandonta. Ni ma na kasa zuwa gandu, na bi bayanta daga nesa, na tsaya a bakin gayauna kamar mai gadin biri. Daga gabas ina jin bugun inji, daga yamma ina jin Mudi ya fara, walda na tsartsar. Na ɗaga kai. Da farko ban ga kome ba, har na fara zagin kaina. Tsuntsaye sun jera a kan waya mai kauri ta wajen gida. Sai na lura babu ko ɗaya a kan wadda na raba.

Hantsi ya ɗaga. Wayar da muka ja ta miƙe kamar tsirkiyar baka, yanzu ta yi ciki. Na auna da ido a jikin sanda, na kau da kai, na sake dubawa, ta ƙara sauka. Wani wari ya fara zuwa, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Marka na tsakiyar gona, ta sunkuya, tana cira tana 'yar waƙarta, waya na bisa kanta. Na buɗe baki in kira ta, na ce in na kira me zan ce? Kai, Dogo, Allah wadaran hali irin nawa! Ina tsaye, ina ta ce wa kaina bari in ƙara gani kaɗan.

Sai na ji taku a bayana. Isyaku ne, da ƙullin kayansa a kafaɗa da gorarsa a hannu. Motar Musawa ta sauke shi a bakin hanya, ya hango sanduna sun karkace daga inda ya sa turaku, ya biyo su da ƙafa. Bai gaishe ni ba. Idonsa na sama. Ya bi wayar da kallo har ya kai kan ƙullina na farko. Ƙullin ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi na tashi daga jikinsa.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta koma haka ba. Leɓɓansa suka yi fari. Ƙullin kayansa ya faɗi bai sani ba. Ya ce, "Innalillahi." Sannan ya hango Marka.

"Dogo, inji! Ruga ka kashe inji! Jan hannun nan na gefe, ja shi ƙasa!"

Na ce, "Marka..."

"Bar mini ita! In ka je kai ma ƙasa za ta kama ka, ba ka da takalmi. Ruga!"

Na ruga. Ina jinsa a bayana yana ƙwala mata kira, yana cewa ta yi gefe, ta bar ƙarƙashin waya. Ban yi taki ɗari ba na ji wani ƙara, tas, kamar an karya busasshen kara, sai ihun Marka. Jama'a, ihun matarka a bayanka, ƙafarka na gaba! Duk jikina ya ce in juya. Na san in na juya babu abin da zan yi mata sai mu mutu tare, na san maganin yana can bakin gidan Alhaji, amma sanin bai rage kome ba. Na ci gaba da gudu ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ihun ya tsaya. Shirun ya fi ihun muni. Karan dawa na yankar ƙafata ban ji ba. Yadi ɗari huɗu ne, na yi su kamar tafiyar Katsina.

Na faɗa ɗakin inji, mata na layi da kwanonin niƙa, na ture mai niƙan na ja hannun ƙasa. Inji ya yi tari ya mutu. Ban tsaya bayani ba, na juyo.

Marka na zaune a kwarin kunya, da rai. Na taɓa ta, na sake taɓa ta. Ko ƙwarzane babu. Ba ta dube ni ba, hannu kawai ta miƙa tana nuna mini. Isyaku na kwance a gefe, gorarsa can, hannunsa na dama a ƙirjinsa. Ba zan faɗi yadda hannun ya koma ba.

Ita ta ba ni labarin abin da ban gani ba. Da ta ji kira ta miƙe da kwando a ka, ba ta gane me ake nufi ba, ta nufo shi ta cikin kwari, daidai ƙarƙashin waya. Ƙullin ya cinye, layi ɗaya ya faɗo a kan kwandon, ya rataya a itatuwan auduga dama da hagu, tana tsakiya. Busasshen ganye ya fara kamawa. Ta ce Isyaku ya iso yana kakkarwa, har tana jin haƙoransa. Ya ce mata kada ta motsa, kada ta ɗaga hannu. Ya sa gora ya ɗage wayar daga kan kwando a hankali, ya ce ta durƙusa ta rarrafo ta ƙarƙashin hannunsa. Ta rarrafo ta fita. Yana nan riƙe da ita a sama yana neman inda zai ajiye, sai layi na biyu ya tsinke. Ya faɗo a kan gorar, su biyun suka zamo tare zuwa hannunsa. Hannun ya damƙe bai saku ba sai da inji ya mutu.

Motar Alhaji ta kai shi asibiti a Malumfashi. Wata biyu ya yi. Ya dawo da babban yatsa da ɗan ƙarami kawai a hannun, su ma sun lanƙwashe ciki ba sa buɗewa.

Da ya dawo dagaci ya tara mu a zaurensa, don an kusa rasa rai kuma gonar auduga ta ƙone rabi. Alhaji na nan, Mudi na nan, ni ina nan. Ma'aikata sun ce su ja kawai suka yi, yadda aka ba su. Na san in aka bi zancen zai kai ga tsamiya, kuma zai kai ga zaman gidanmu a gefen gandun Alhaji. Dagaci ya ce, "Wa ya raba wayar nan?"

Na ɗaga kai zan yi magana, ko dai ina so in yarda cewa na ɗaga. Isyaku ya riga ni.

"Ranka ya daɗe, layina ne. Ni na auna, ni na sayo, ni na tafi na bar waya a hannun waɗanda ba su san ta ba, ban kulle ta a ɗaki ba. Duk abin da ya same ta, ni ne."

Dagaci ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Isyaku ya ce shi dai amsar da ke gare shi ke nan. Alhaji, da ya san shi ya ce a ɗaura, ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai so a tona da yawa. Aka shafa fatiha aka tashi. Ni ma na tashi na bi bayansu.

Zance kuwa in ya fita zaure ba ya tafiya yadda aka yi shi. Kafin wata ya zagayo, daga Bakori har Funtuwa cewa ake yi Tsaya-tukun, mai tsoron nan, ya ja siririyar waya ta kusa kashe mace. Babu wanda ya sake kiransa aiki, ko da hannun zai iya. Alhaji ya sauke wayar ya mayar da injin walda bakin gida. Isyaku bai koma Musawa ba. Ya kama ɗaki a Tsiga shi da matarsa Sakinatu, ya kafa ɗan tebur na goro da ashana a bakin kasuwa. Wani lokaci masu haɗa waya na zamani sukan tsaya sayen goro, ya tambaye su nisan layinsu da abin da zai ciyar. Su yi dariya su wuce.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Wata rana na bi ta ƙofar gidan da yake haya, lokacin cin tuwo. Maza sun kewaye akushi a zaure. Shi yana can gefe da ɗan kwanonsa shi kaɗai, ya juya baya. Hannun dama ba ya yanka loma, da hagu yake ci, kuma babu mai son hagun wani a cikin miyarsa. Ba wanda ya kore shi. Shi ya janye kansa don kada a ji nauyin faɗa masa.

Na koma gida na faɗa wa Marka. Ranar kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi waɗanda ba su taɓa ganin giya ko naman yankanmu ba, ta ware su. Ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da daddawa, ta zuba a akushi ɗaya, ta ɗora mini a hannu. Ta ce, "Ka san inda za ka kai. Kuma kada ka ajiye masa ka taho."

Na same shi a bakin teburinsa. Na ajiye akushi a tsakaninmu, na wanke hannu, na zauna. Ya dubi akushin, ya dube ni. Sannan ya yi bisimilla ya sa hannu.

Shekara ashirin da ɗaya muna ci tare, shi da hagu, ni da dama, har ya rasu. Muna hirar damina, da farashin goro, da ciwon gwiwa. Bai taɓa tambayata dalilin zagayen nan da raba wayar ba. Ni ma ban taɓa faɗa masa ba.